Wai aikin Yaya kwalliya ce?

Maman Afnan: Jama'a ku taya ni ji. Yayata da aka cire wa nono bara saboda cutar daji (kansa), ta sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar, ta sha gashin na'ura a asibiti, yanzu likita ya ce zai ɗebo tsokar bayanta da 'yar fata ya zuro ta ƙarƙashin hammata ya gina mata wani, a sa silikon, wata roba mai laushi, a ciki don tsokar kaɗai ba za ta cika ba. Shi ne uwar mijinta take cewa gaban mutane wai kwalliya za a je yi da kuɗin ɗanta. Wallahi jiya ban rintsa ba.

Hajiya Babba: Allah ya ƙara sauƙi. Amma 'yata gaskiya ɗaya ce, tunda roba za a cusa kwalliya ce, canza halitta ne.

Anti Nas: Hajiya naman jikinta ne fa, latissimus dorsi ake ce wa tsokar, ko jijiyar jininta ba a yankewa, a haɗe ake juyo ta gaba shi ya sa take rayuwa ko a fatar da gashi ya ƙona. Wani likitan Italiya Tansini ya yi irinsa tun 1906. Abin tambaya shi ne ruwan da ke taruwa a baya bayan aiki, da tabo, sannan silikon ba na har abada ba ne, wata rana ana iya canzawa.

Ummu Sudais: Gyaran aibi daban kwalliya daban. Sahabi Arfaja da aka sare wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare.

Hajiya Babba: Hanci kowa na gani. Wannan wa zai gani?

Maman Afnan: Ita ba ta da ido ne Hajiya??

Zee: Ni dai ance robar na fashewa a jirgi

Anti Nas: Inji wa? Ba ta fashewa a jirgi.

Zee: Ƙawar ƙanwata ce ta faɗa, ku ma'aikatan asibiti dama ba kwa laifin junanku

Ummu Sudais: Shi haƙorin Makka magani ne ko kwalliya? Tambaya ce kawai.

Hajiya Babba: Da ni kike? Na haifi kamarki. Kuɗina na sa ba na ɗan wani ba.

Zee: Ummu kullum ke ce malama, rannan ma kan adashi haka kika yi mana

Ummu Sudais: Adashin da har yau ba ki zuba na wata biyu ba?

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta kusan kowa ya yarda da Hajiya akwai kwalliya a ciki, Anti Nas ma da bakinta ta ce robar ba ta daɗewa. Ummu Sudais ki ba Hajiya haƙuri. Na rufe, maganar adashi a same ni ta gefe.