Faraima ta yi wuya a shagunan Ohio, ina ake samu?

Mai tambaya, daga Columbus:
Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Ina cika harsashin .308 da kaina don farautar barewa da atisaye a filin harbi. Kwanso da kan harsashi ba matsala, amma faraima babba ta raifal (ƙaramin maɓallin gindin kwanso da ke kunna albarushi) da albarushi samfurin Varget kullum kanta wayam. In yi oda ta intanet ne, ko in ci gaba da zagaye shaguna? Nawa ne farashin da ba cuta?

Wani ɗan uwa daga Texas:
Wa alaikumus salam. Malam, tun 2020 abin ya rikice. Kamfanonin da ke yin faraima, irin su CCI da Federal da Winchester, su ne kuma ke yin harsashi gamamme, to idan kasuwa ta yi zafi nasu injin suke fara ciyarwa, sai abin da ya rage ya iso kanta. Kafin nan dubu ɗaya ba ta wuce dala 30 zuwa 40 ba, a 2021 ta haura 100. Ta sauko, amma kada ka sa ran tsohon farashi. Ka tambayi mai tsaron kanta a shagunan kayan farauta irin su Cabela's ko Sportsman's Warehouse ranar da motar kaya ke zuwa, ka je da sassafe. Sau da yawa ana ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai ɗauka.

Mafarauci daga Minnesota:
Ta intanet akwai kuɗin kaya masu haɗari da ake ɗorawa kan kuɗin aike, kuma a kan oda ɗaya ake cajinsa, ba a kan kowane gwangwani ba. Odar albarushi laba ɗaya (fam ɗaya na nauyi) tak asara ce. Ku haɗu ku biyu ku ɗauki jarka mai laba 8 da faraima dubu biyu. Lissafin: laba ɗaya giren (ma'aunin nauyin albarushi) 7,000 ce, a .308 tana ba da harsashi wajen 150. Varget kuwa daga Ostareliya ake kawo shi, shi ya sa yake ɓacewa wata da watanni. Albarushin IMR 4064 na aiki a madadinsa, amma da ma'auninsa na littafin kamfani, daga mafi ƙaranci. Haka idan ka sauya faraima ko lambar rukunin albarushi. Gwangwanin da aka riga aka buɗe, ko kyauta ne, bar shi. Ba ka san me aka zuba ciki ba.

Dattijon zaure:
Ɗana, duba cikin kwanson da ka tsinta da tocila. Huda ɗaya a tsakiya, zai ciku. Huda biyu, nau'in Berdan ne, zai karya maka allurar cire faraima. Sannan takardu: a dokar tarayya, kwanso da faraima da albarushi duk harsashi ne. Mai bizar karatu ko ziyara ba ya da izinin riƙe su sai da lasisin farauta ko wani togacin da doka ta yi. Kada kuma wani ya ce ka sako masa su a akwati zuwa Kano. Jirgi ba ya ɗaukar faraima da albarushi, a Najeriya kuma laifi ne mai ɗauri.

Mai tambaya:
Na gode Baba. Katin zama na dindindin gare ni, lasisina ma na bana ne. Wa ke kusa da Columbus mu raba jarka?