Shin tarko ne ke riƙe mutum a wasan waya?

Malama: Abin da nake gani shi ne, wasan waya ba ya riƙe mutum sai an gina masa tarko a ciki, kuma Candy Crush Saga, wasan jera alawa wanda kamfanin King ya fitar a 2012, ya ishe mu shaida. Ana ba ɗan wasa rai 5, idan ya faɗi a mataki sai ɗaya ya tafi, kuma ba zai dawo ba sai bayan minti 30. Na zauna kusa da ƙanwata ina kallo, saura alawa biyu kacal ta gama mataki, sai motsinta ya ƙare, nan take allo ya yi mata tayin ƙarin motsi 5 idan za ta biya. Wanda ya tsara wannan ya san daidai lokacin da zuciya ta fi rauni, kuma a nan ya kafa rumfar cinikinsa.

Injiniya: Malama, ban musa abin da kika gani ba, amma kin yi wa wasanni kuɗin goro. Dubi Flappy Bird, wanda Dong Nguyen ɗan ƙasar Biyetnam ya fitar a 2013. Babu rai da ake ƙidayawa, babu abin saye a cikinsa, talla ce kawai. Tsuntsu ne ɗaya, ka taɓa allo ya ɗaga, ka sake shi ya faɗo, kana ƙoƙarin ratsa shi tsakanin korayen bututu. Abin da ya riƙe mutane shi ne, duk sanda tsuntsun ya bugi bututu ka san laifin yatsanka ne, kuma kafin haushin ya huce ka riga ka sake farawa. A sana'armu wannan muke nema: ƙa'idar da za a gane cikin daƙiƙa kaɗan, da gwanintar da za a daɗe ba a ƙure ta ba.

Malama: Ai Injiniya, misalinka ni ya taimaka wa, domin mai wasan da kansa ya janye shi daga kasuwa a Fabrairun 2014, ya ce ya zama abin da mutane suka kasa rabuwa da shi.

Alhaji: Ku yi haƙuri in sa baki, 'ya'yana. Mun yi dara a gindin bishiya tun daga azahar har a kira magariba, kuma babu wanda ya kafa mana tarko, son cin abokin karawa ne ya zaunar da mu. Saboda haka daɗewa a kan wasa ba ita ce hujja ba. Inda zan bi bayan Malama shi ne wurin akwatunan sa'a na cikin wasanni, waɗanda mutum ke biyan kuɗi bai san abin da zai fito masa ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ne, kuma ni ma ban ga wani sunan da ya dace da su ba.

Injiniya: Ranka ya daɗe, akwatunan sa'a ba zan kare su ba. Sai dai wanda ya yi watanni yana rubuta manhaja dole ya ci abinci, kuma sayar da ƙarin matakai ko sabon kayan ado da farashinsu a fili ciniki ne na halas.

Malama: Na yarda da wannan, na kuma janye kalmar da na yi wa dukkan wasanni. Amma minti 30 ɗin nan har yanzu ba ka amsa min shi ba, Injiniya. Jiran ba ya ƙara wa kowa gwaninta, kuma kamfanin da ya saka shi ne yake karɓar kuɗi domin ya cire shi.