Wutar murhun gashina ta ƙi tashi

Baban Yara: Salamu alaikum 'yan zaure. Murhun gashi na gas ɗin nan ne ya fara ba ni ciwon kai. Silinda cike take, yanzu na ɗaura ta, amma ko na murɗa maɓalli har ƙarshe wutar ba ta tashi sosai. Nama sai dai ya yi ta tsatsafo da ruwa, ba ya gasuwa. Regileta, mai daidaita gas ɗin da ke fitowa daga silinda, zan sauya?

Mai Walda: Wa alaikumus salam. Kar ka sayi komai tukuna. Lokacin da ka buɗe silindar, maɓallan murhun a rufe suke?

Baban Yara: Ɗaya a buɗe yake, ina jin.

Mai Walda: To ga ta nan. Yawancin regiletocin irin wannan murhu suna da ɗan makari a ciki. In gas ya kwararo da ƙarfi lokaci guda sai ya ɗauka tiyo ne ya fashe, ya shaƙe hanyar. Ɗaga murfi, rufe maɓallai duka, rufe silinda, kwance regileta ka jira kamar minti 1. Ka mayar, ka buɗe silindar sannu a hankali, sannan ka kunna.

Uwargida: Wace kala wutar take, shuɗiya ko ruwan ɗorawa?

Alhajin Lungu: Hajiya, tambayarki ita ce tambaya. Nawa haka ya fara, wuta ruwan ɗorawa, tana baƙanta ƙasan murfi, gefe ɗaya ya ƙone gefe ɗaya ɗanye. Na kira wani mai gyara, ko durƙusawa bai yi ya leƙa ba ya ce regileta ce, ya sa sabuwa ya karɓi kuɗinsa. Da yamma muna cikin gashi sai wuta ta ɓullo ta bayan maɓalli, robar ta narke tana ɗiga. Allah Ya kiyaye hannuna na kusa da silinda na rufe. Da ƙanina ya zare bonar, wato ƙarfen nan mai ramuka da wuta ke fitowa ta ciki, sai ga saƙar gizo-gizo cunkushe a bututun, daidai inda iska ke shiga ta gauraya da gas. Hanya ta toshe, gas ya dawo baya, ya kama a nan. Tsohuwar regiletar lafiyarta ƙalau. Duk murhun da ya daɗe a ajiye a waje, a zare bututun a zura siririn burushi kafin a kunna. Ƙananan ramukan bonar kuma maiƙo da tsatsa kan toshe su, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Auta: Da tsinken sakace nake buɗe nawa.

Mai Walda: Sai ya karye a ciki ka ƙara wa kanka aiki. Nemi siririyar waya, kuma kar ka faɗaɗa ramin.

Na Gawayi: Mu dai ba mu taɓa jin gizo-gizo ya toshe gawayi ba.

Uwargida: Kai da sai ka yi rabin awa kana fifita, ido na hawaye?

Na Gawayi: Hawayen ai shi ne ɗanɗanon, Hajiya.

Alhajin Lungu: Ku bar wasa. Baban Yara, in ka mayar da regileta ka shafa ruwan sabulu a mahaɗa da jikin tiyo, maɓallai a rufe, silinda a buɗe. In kumfa na tasowa, yoyo ne. Ban da gwaji da ashana.

Ɗan Auta: Ni matsalata makunni ne, ya daina ƙyas-ƙyas ɗin gaba ɗaya.

Mai Walda: Kwance kan maɓallin ka duba batir. In kuwa yana ƙara amma ba ya kamawa, goge bakin ƙarfen da ke fid da tartsatsi, maiƙo ne. Kuma in bai kama cikin daƙiƙa 5 ba, rufe gas ka jira minti 5, murfi a ɗage. Gas ɗin ya fi iska nauyi, taruwa yake a ƙasa.

Ɗan Auta: Nawa ba shi da wurin batir fa.

Uwargida: Wai ina mai tambayar ya shiga? Har yanzu bai faɗi kalar wutar ba.

Na Gawayi: Ya tafi neman gawayi.