Jama'a me za mu kira "final girl" da Hausa?

Salam. Gobe da safe nake da shiri a rediyo, zan yi sharhin fim ɗin ban tsoro Halloween na 2018, amma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, final girl. Wato macen nan da take saura ita kaɗai bayan makashin ya gama da kowa. Carol Clover, wata malamar jami'a a Amurka, ce ta raɗa sunan, yana cikin littafinta na 1992. Don Allah a taimaka kafin dare.

– Yarinyar ƙarshe mana, meye abin wahala.

– A'a Malam, mai sauraro zai ɗauka auta ake nufi. Kuma wace yarinya? Laurie, jarumar labarin, a na 2018 har jika budurwa gare ta, Jamie Lee Curtis da ta fito a matsayinta ta kusa shekara 60 lokacin.

– Sha-da-ƙyar. Gajere ne kuma yana da daɗi a baki.

– Wannan ya dace da Halloween na farko na 1978, inda sai da Dakta Loomis, likitan makashin, ya zo ya harbe makashin, Michael, sannan ta tsira. Amma a sabon ai shekara 40 ta yi tana tara bindigogi tana jiransa, ita da 'yarta da jikarta suka rufe shi a ɗakin ƙasa suka cinna wuta, nan ne ma ƙarfin fim ɗin yake. Ka ce mata sha-da-ƙyar ka mayar da ita mai jiran ceto.

– Matsiriya! Daga tsira, kamar matafiyiya daga tafi. Na daɗe ina cewa Hausa na da injin ƙera kalma, lalaci ne ke damunmu.

– Yallaɓai ita matsiriyar nan wa ya taɓa jin ta? Sai ka ce sunan cuta.

– Da haka kowace kalma ta faro. Ku kun yarda da "fim ɗin horo" ai, wato horror na Turanci, alhali horo a Hausa tarbiyya ce. Matsiriya na nan daram.

– Kullum sai kun kai mu can. Turawan ma kalmomi biyu na yau da kullum suka haɗa ba su ji kunya ba, mu ne sai mun nuna mun karanta nahawu.

– Ni abin da ke ci min rai, ba wanda ya taɓo dalilin da ya sa ita ake bari. A tsofaffin finafinan kamila ce, ƙawayenta masu samari da shaye-shaye su ake fara yankawa, kamar hukunci. Fim ɗin Scream na 1996 har ba'a ya yi wa dokar nan. Shi ya sa na fi son "mai sauran kwana", babu yabo babu zargi.

– Anti ai namiji ma mai sauran kwana ne, jinsin ya ɓace.

– To a ce mace mai sauran kwana, ba shikenan ba.

Na gode jama'a. Ya yi min tsawo kuma bai nuna ta yi faɗa ba, amma da shi zan shiga gobe, sai in ƙara bayani da baki.

– Za ku dawo kan matsiriya, ina nan.