Wai Starscream abokin Skyfire ne tsakani da Allah, ko yaro yake nema?

Baban Khalifa, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah kar a yi mini dariya, tambaya ce a kan katun kuma ni mai tambayar na ba arba'in baya. Ƙanen matata ne ya tura wa yarana Transformers a memori, tsohon nan na 1984, na robobin da ke rikiɗa su koma motoci da jirage. Daren jiya an ɗauke wuta ga hunturu ya hana kowa zaman tsakar gida, sai muka dunƙule ni da yara uku cikin bargo ɗaya a kan wayata, uwarsu na ta mita wai za mu cinye cajin ba ta kira gida Daura ba. Wanda muka kalla sunansa Fire in the Sky.

Ga wanda bai gani ba. Mutanen Megatron, shugaban mugayen robobin da ake ce wa Decepticon, sun tafi can ƙuryar arewacin duniya inda ƙanƙara ba ta narkewa, sun samu wani dogon dutse mai sheƙi da ya nutse har cikin ƙasa, suna zuƙe zafin duniya ta cikinsa suna ɗurawa a akwatinan energon, abincinsu ke nan, har duniya ta fara sandarewa dusar ƙanƙara na zuba a hamada ana tsakiyar zafi. Garin haƙa suka ci karo da wani ƙaton robot fari da ja a daskare. Starscream, mataimakin Megatron, na ganinsa ya gane shi, wai Skyfire ne abokinsa tun suna masu bincike a duniyarsu Cybertron kafin a fara yaƙi, tare suka zo leƙen duniyarmu guguwa ta raba su, ya neme shi har ya gaji ya koma gida shi kaɗai. Suka jona masa wuta ya farka bayan miliyoyin shekaru, bawan Allah bai ma san an yi yaƙi ba, aka liƙa masa tambarin Decepticon aka ce ga maƙiyanka can, wato Autobot, robobin kirki.

Inda abin ya taɓa ni shi ne da ya tsinci wani yaro ɗan adam mai suna Spike da babansa a cikin ƙanƙara, ya ɗauke su a tafin hannu da zuciya ɗaya ya kai wa Megatron a tunaninsa za a kula da su, sai ya ga an kulle su. Can kuma Starscream ya kama Autobot huɗu ya ce Skyfire ya kashe su, ya ce shi mai bincike ne ba hauni ba, a take Starscream ya ɗirka masa harbi. Daga baya Ratchet, likitan Autobot kuma ɗaya daga cikin huɗun nan, ya gyara shi, Skyfire ya ɓamɓare tambarin ya koma wajen su Optimus shugaban Autobot, a ƙarshe ya binne dutsen nan da ƙanƙara shi ma ta rufta da shi.

To Khalifa, shekararsa 9, ya ɗago ya ce Baba ba shi ya tashe shi ba, to mi ya sa ya harbe shi? Na buɗe baki wallahi ban samu amsa ba, na ce kwanta gobe da makaranta. Ƙanwarsa kuma kuka ta sa wai ya mutu. Shi ne na ce bari in tambayi masana. Abotar gaske ce tun farko ko dama yaro Starscream yake nema? Skyfire ya mutu ke nan? Sannan ƙanen matar tawa ya dage wai sunansa Jetfire, ni kuma da kunnena na ji Skyfire, wa ke da gaskiya.

Ɗan Gobarau:

Wa alaikumus salam Baban Khalifa, ai ba kai kaɗai ba ne, ni a kaset ɗin bidiyo na haya na fara ganinsu muna yara, kaset ɗin ya sha kallo har hoton na rawa sai an cire an hura kan bidiyon.

Ka ce wa 'yar taka ta share hawaye, bai mutu ba. Ka duba cikin memorin akwai wani kashi Fire on the Mountain, a nan Autobot biyu, Wheeljack da Sideswipe, suka koma suka tono shi saboda Megatron ya tafi Peru ya samu wani dutsen a tsohon ginin mutanen Inca, su kuma Autobot yawancinsu motoci ne ba su da mai kai su da sauri. Ka ji fa, sai da suka buƙaci jirgi sannan suka tuna da shi, abin nan har yau yana ba ni dariya. Daga nan kusan ya koma motar haya, kwashe su nan sauke su can.

Batun suna kuwa kai da surukinka duk kuna da gaskiya. Ka san asalin abin kasuwanci ne, kamfanin Hasbro na Amurka ya ɗauko kayan wasan yara na kamfanin Takara na Japan, irin su Diaclone da Micro Change, ya sa masu sababbin sunaye, aka yi katun ɗin don yara su gani su matsa wa iyaye a saya. To shi wannan jirgin ba na Takara ba ne, daga wani katun na Japan mai suna Macross ya fito, jirgin da ake ce wa Valkyrie, wani kamfani Takatoku ya ƙera shi. A kwalin kayan wasa Jetfire aka rubuta, da aka zo katun sai aka canja masa kama aka kira shi Skyfire. Kuma ka shirya caji, kashi 98 ne gaba ɗaya daga 1984 zuwa 1987, zangon farko 16, na biyu kaɗai 49.

Tambayar Khalifa kam sai na yi tunani, yaron nan ya fi mu kai.

Na Bakin Kusugu:

Ni fa ku yi haƙuri ba na bin bayan Skyfire. Kowa na ta wayyo Skyfire bawan Allah, to ku tsaya. Mutum ya neme ka har ya gaji, shekaru miliyoyi bai manta fuskarka ba, yana ganinka cikin ƙanƙara ya ce wannan nawa ne a tashe shi, ya tsaya maka gaban ubangidansa, har ya ce maka ran da ya zama shugaba kai ne mataimaki, sannan ko kwana ba a yi ba ka ɓamɓare tambarin gidansu ka koma wajen waɗanda jiya ba ka san su ba. Wannan in ba butulci ba mi ne ne sunansa? Mu nan Daura wanda ya kashe mana maciji a rijiya sarauniya sukutum muka ba shi, ba mu iya manta alheri ba hhh.

In ba zai iya kisan ba sai ya ce abokina ban iyawa, ya ja gefe ya yi zamansa ba ruwansa da kowa, na yarda da wannan. Amma ka juyo da bindiga kan wanda ya fiddo ka daga kabari, a'a. Baban Khalifa ka ce wa yaro halacci ake yi wa wanda ya yi maka rana.

Maman Ihsan, Sabuwar Unguwa:

Haba Malam na Kusugu, kamar ba kashi ɗaya muka kalla ba. Ai abin da ka ce ya yi shi ya yi, cewa ya yi ba zai iya ba, bai ɗaga wa kowa hannu ba, amsar da ya samu ita ce harbi a ƙirji aka tafi aka bar shi kwance. Wa ya fara juya bindigar? Kuma waɗanda aka ce ya kashe ɗin, ɗaya daga cikinsu ne ya durƙusa ya gyara shi, alhali da tambarin maƙiya a ƙirjinsa. Su Ratchet ma ba don Hound, ɗaya daga cikinsu, ya yi wa Starscream siddabarun hoto ya zaci ya tarwatsa su ba ai da tuni an wuce wajen.

Ni abin da na gani a wajen Starscream sunansa gori. Daga lokacin da Skyfire ya buɗe ido duk maganarsa ni na cece ka, ni na tashe ka, bashi ne yake bi. Kuma maganar mataimaki da ka kawo ita ce ma ta tona masa asiri, mutumin da kullum yake ƙulla yadda zai kayar da Megatron ya samu ƙato wanda ya fi kowa tsawo a wajen kuma bai san komai ba sai abin da aka gaya masa, ai gara ta faɗo masa.

Na san abin nan ne don na gani a gida. Akwai wata da muka taso tare, tabarma ɗaya a islamiyya, ita ta yi mini hanya na samu aikin koyarwa lokacin ina zaune ba ko sisi, Allah ya sani har gobe ina gode mata. Bayan shekara biyu ta turo mini yaron wata ƙawarta wai in gyara masa sakamako, yaron da ko rabin zango bai zauna a aji ba. Na je har ɗakinta da yamma, tana yanka kuɓewa a faranti, na ce yaya ki yi mini rai wannan ba zan iya ba, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce au, yau ni kike gaya wa ba za ki iya ba, kin manta wa ya sa ki a wajen. Wallahi da Starscream ya buɗe baki a katun ɗin nan muryarta na ji, sai da na tashi na bar wa yara kallon. Shekara huɗu ke nan ko a biki muka haɗu sai dai a gaisa sama-sama.

Baban Khalifa ni dai ba zan gaya wa yaro ɗan shekara 9 cewa duk wanda ya taimake ka ya saye ka ba.

Abba Layout:

Lol su baba ana ta tafsiri a kan katun. Ni gaskiya na gwada kallon tsohon nan ban iya ba, zanen wani iri, yanzu ka ga jirgi ja anjima ya koma shuɗi, wani lokacin bakin wani na motsi muryar wani na fita. Ni Jetfire da na sani na fim ɗin 2009 ne, tsoho tukuf mai gemun ƙarfe da sanda yana ta faɗa kamar kakana in an taɓa masa rediyo, jirgin SR-71 ne baƙi da suka samu a gidan tarihi. Shi ma dai tsohon Decepticon ne da ya sauya sheƙa, ashe daga nan suka ɗauko. Kawu ka ba Khalifa Transformers Prime na 2010 kawai, ya fi kyan gani nesa ba kusa ba.

Ɗan Gobarau:

Abba zanen da kake rainawa da hannu aka yi shi ɗaya bayan ɗaya ana sauri a cika kashi, shi ya sa kalar ke gudu, ka bar mu da kayanmu.

Na dawo kan tambayar Khalifa. Hajiya Maman Ihsan na yarda da ke a kan gori amma ban yarda cewa tun farko yaro yake nema ba. Ku sake kallon inda yake ba da labarin guguwar, lokacin da ya yi ta zagaya duniya yana nema ba Megatron ba mulki ba yaƙi, ba abin da zai ci a jikin Skyfire, shi ma ɗan bincike ne kamar shi. Wannan neman na gaskiya ne. Matsalar ita ce ɗaya ya yi barci ɗaya bai yi ba. Skyfire ya farka yana nan yadda yake ranar da ya faɗi, shi kuwa Starscream ya yi shekaru miliyoyi cikin yaƙi da hassada da kwaɗayin kujera, to Skyfire na magana da abokin da ya sani alhali mutumin ya daɗe da tafiya, sauran gangar jiki da suna. Kamar ka yi shekara ashirin a Sudan ko Legas ka dawo ka tarar abokin ƙwallonka ya shiga siyasa, ya rungume ka da gaske ya yi murna da gaske, bayan kwana uku ya ce akwai wani ɗan aiki da za ka yi mana ranar zaɓe.

Malam na Kusugu kuma in halacci kake nema kar ka neme shi wajen Starscream. A fim ɗin 1986 Megatron ya ji rauni bayan faɗansa da Optimus, suna cikin jirginsu Astrotrain za su koma gida aka ce kaya sun yi nauyi, Starscream da hannunsa ya wurgo ubangidan nasa cikin sararin sama yana ta roƙo. Ya je ya sa kambi da alkyabba ana busa masa, ko zama bai gyara ba Megatron ya dawo a matsayin Galvatron ya mayar da shi toka. Baban Khalifa wannan fim ɗin kar ka kunna wa ƙaramar tukuna, a ciki Optimus yake mutuwa, yaran Amurka ma kuka suka sha har sai da aka dawo da shi a 1987.

Na Bakin Kusugu:

To na ji, harbin dai ya yi yawa. Amma har yanzu da ni ne ba zan sa tambarin wasu a ranar ba, ko kunya ai ta hana.

Baban Khalifa, Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Hajiya Allah ya daidaita tsakaninku. Da safe a kan mashin za mu makaranta na gaya wa Khalifa bayanin Ɗan Gobarau, cewa ɗaya ya yi barci ɗaya bai yi ba, ya yi shiru har muka wuce Ƙofar Ƙaura sannan ya ce to Baba da Starscream ne ya faɗa ƙanƙarar Skyfire ya koma gida, da shi ma ya zama mugu? Nan ma ban da amsa, na ce riƙe ni da kyau ga Napep. Surukin nawa kuma na gaya masa an yi canjaras, ya ce bai yarda ba sai na saya masa kati. Fire on the Mountain ɗin na duba babu shi a memorin, daga na 8 ya tsallake zuwa na 11, in akwai mai shi a cikin gari ya yi mini magana in biyo bayan la'asar.