Masu aikin gidajen kula da tsofaffi: ana jin maganarku a wurin aiki?

Maman 'Yan Biyu, Bradford:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu ne masu yi wa tsofaffin nan na Birtaniya wanka, mu ba su abinci a baki, mu riƙa juya su a gado don kada gyambo ya kama su. Amma a gidan da nake, in za a tsara yadda za a kula da mutum, nas da manaja ne ke shiga ofis su rufo ƙofa, mu sai dai mu ga takarda. Ko'ina haka ne, ko mu ne muka yi rashin dace?

Yaya Babba, Leicester:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ba ko'ina ba. Gida biyu na yi, albashi kusan ɗaya. A na farko akwai wata tsohuwa da ba ta wasa da shayinta na safe. Wata rana ta ture kofin, ta riƙa kirana da sunan 'yar'uwarta, fitsarinta kuma ya yi duhu yana wari. Na faɗa wa nas, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce ai ciwon mantuwa ne. Ba a jima ba aka kwashe ta sai asibiti, ashe ƙwayoyin cuta ne suka shiga mafitsara, kuma wannan kan rikita tsoho farat ɗaya. Daga nan na kama bakina.

Inda nake yanzu, dokar manajarmu ita ce a wajen miƙa aiki da safe mu ke fara magana, ɗaki bayan ɗaki, kafin nas ta ce uffan. Abin da kika faɗa a gabanki za a rubuta. Kowaccenmu tana da tsofaffin da aka damƙa mata, in iyalansu suka zo ita ake kira. Wallahi ko tafiyata ta canza.

Ɗan Zazzau, Coventry:
Yaya, Allah Ya bar miki wannan manajar. Amma ni matsalata ƙarancin hannu ne. Awa 12 muke yi, da dare mu biyu ne a bene guda. Na'urar ɗaga mutum daga gado a ƙa'idar gidanmu sai mutum biyu, to ga mu riƙe da wani dattijo a rataye, ga ƙararrawa tana kuka a ɗakin ƙarshe. Wa za a bari? Manajanmu yana saurare sosai, har godiya yake yi, sannan ya ce masu gidan sun ce ɗauko ma'aikatan wucin gadi tsada ne.

Gwaggon Kowa, Luton:
'Ya'yana, ku faɗi abin da kuke kewayewa: biza. Tun da aka buɗe wa masu wannan aiki ƙofar shigowa Birtaniya a Fabrairun 2022, yawancinmu zamanmu a ɗaure yake da kamfanin da ya ɗauko mu. In aiki ya ƙwace, kwana 60 ake ba mutum ya samo wani ko ya tattara. A Maris 2024 aka hana sababbin zuwa kawo iyali, a Yulin 2025 aka daina ɗauko masu wannan aiki daga waje. Wadda ta sayar da fili ta zo, da wane baki za ta ce wa manaja bai yi daidai ba? Baturiyar da muke aiki tare takan faɗi son ranta, don gobe za ta iya samun wani wurin. Ni dai na shiga ƙungiyar ƙwadago ta Unison, kuma ku sani hukumar CQC mai sa ido kan gidajen kula da tsofaffi a Ingila tana karɓar ƙorafi ko ba a faɗi suna ba.

Baƙuwa daga Kanada:
Mu nan Ontario dokar 2021 ta sa burin awa huɗu na kulawa kai tsaye ga kowane tsoho a rana. Matsakaici ne na lardin baki ɗaya, don haka a benenmu har yanzu gudu muke yi da safe. Abin da ya riƙe ni shi ne abokan aiki, in azumi ya zo su suke cewa in je in sha ruwa za su tsare mini ɗakunana.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai. Yaya Babba, wannan tsari na miƙa aiki ku kuka nema ko ita ta kawo? Ina so in gwada, amma maganar Gwaggo ta sa gabana faɗuwa.

Yaya Babba:
Ita ta kawo, ta taɓa yin irin aikinmu kafin ta zama manaja. Kada ki je ke kaɗai. Ki fara da nas ɗin da kuka fi shiri, ku haɗa da abokan aiki biyu 'yan ƙasar, ku kawo shi a taron ma'aikata a matsayin abin da zai rage kai tsofaffi asibiti. Ki tabbata an saka shi a rubutaccen bayanin taron.