Dan Allah masu gasa ƙwai da safe ku zo ku taimaka min

Maman Ilham:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema akan karin kumallo don abin ya fara damuna sosai. Ni malamar makaranta ce a nan Kano, ƙarfe 7 da kwata dole na bar gida in ba haka ba sai dai na tarar an gama asembili, ga yara uku, biyu suna firamare ƙaramar kuma da ita nake tafiya, babansu shi ma sammako yake. Daga sallar asuba zuwa fita ga wanka ga shirya yara ga neman safa ga haɗa kwandon makaranta, to kullum dai shayi da burodi ne, ranar da na ɗan samu sarari na soya ƙwai, shi kuma suyan ƙwai na mutum biyar sai ka tsaya a kansa, kaskona ƙarami ne sai na yi zubi uku, kafin na sauke na ƙarshe na farko ya huce. Shekaranjiya babban ya dawo da burodinsa na tara ko gutsira bai yi ba, ya ce Mama ni ya ishe ni, wallahi har cikin raina na ji ba daɗi.

Akwai wata abokiyar aikina da take zuwa da wani gasasshen ƙwai kamar ƙananan kek, da albasa da tattasai a ciki, ta ce a obin take yi tana sakawa ta tafi wanka. Ni kuma obin ɗin jikin gas ɗina ya daɗe da lalacewa. Ranar Asabar na gwada a tukunya, na zuba a gwangwanin alale na jera na rufe, ƙasan ya ƙone ƙurmus, saman kuma ruwa tsululu, ga shi ya manne sai da na kankare da cokali, ƙwai 6 suka tafi a banza a wannan tsadar. Me na yi ba daidai ba? Kuma ana iya yi tun dare ko na sati gaba ɗaya a ajiye?

Anti mai kek, Kaduna:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya zuri'a. Daga bayaninki na gane inda matsalar take, kin ɗora gwangwanin kai tsaye a gindin tukunya ne ko? To shi ne. Wutar gas tana dukan ƙasan tukunya, ƙasan yana dukan gwangwani, kin ga suya kika yi kenan ba gashi ba. Ni na fi shekara uku ina kek ɗin sayarwa da tukunya kafin Allah ya hore min obin, yadda ake yi shi ne ki samu tsohuwar tukunya mai kauri mai faɗi wadda murfinta ke zama daram, ki zuba gishiri ko wankakken yashi busasshe a ƙasa, kaurinsa kamar yatsa biyu. Ni na fi son gishiri don yashi wani sa'in yana da wari, kuma gishirin ba ya lalacewa, zai yi duhu ne kawai ki bar shi a tukunyar ki yi ta amfani da shi. Sai ki ɗora ɗan ƙarfen nan da ake ɗora tukunya mai zafi a kai, ko tsohon farantin silba, akan gishirin. Ki rufe ki kunna wuta minti 10 tukunyar ta ɗau zafi tukun kafin ki saka komai. Wannan ɗin kar ki tsallake shi, in kin tashi alwala ki kunna, kafin ki idar da sallah ta yi.

Ruwan da kika gani a sama kuma ina zargin ɗanyen tumatir kika yanka a ciki. Tumatir da albasa da alayyahu duk ruwa ne a jikinsu, suna jin zafi za su sake shi cikin ƙwan. Ki fara soya su sama-sama da ɗan mai cokali ɗaya har ruwan ya tsotse, tumatir ma ni bana sawa sam, tattasai ja ya ishe ki kala. Ga yadda nake haɗa nawa: ƙwai 6, madara ta ruwa cokali 3 na cin abinci, in ta gari ce ki dama kaɗan da ruwa, albasa ɗaya madaidaiciya, tattasai ɗaya, attarugu rabi saboda yara, karas gurzajje, lawashi, magi ɗaya, gishiri ɗan mitsitsi, sai kori da masoro kaɗan don su kashe ƙarni. Ki kaɗa da cokali mai yatsu har fari da gwaiduwa su haɗe, ba sai ya yi kumfa ba, in kika cika bugawa zai kumbura sosai a wuta kuma kina buɗewa ya saɓe ya yi rami a tsakiya.

Maganar mannewa, shi ƙwai ba ya yafiya a nan, ki shafe gwangwanin da bota ko man gyaɗa har bakinsa da yatsanki, lungu-lungu. In kina da halin sayen kofunan roba na gashi masu laushin nan, ana samu wajen masu kayan kek, su kam kina kifawa yake faɗowa. Kar ki cika, ki bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Wuta matsakaiciya ta fi kusa da ƙasa, minti 15 zuwa 20, kar ki yi ta buɗe murfi zafi na gudu. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito ba danshi ki sauke, ki bar shi minti 3 ya ɗan sha iska sai ki zagaya gefen da wuƙa. Masu obin kuma digiri 180 ne, in na gas ne mai lamba to lamba 4, shi ma kusan minti 15 zuwa 20 ɗin ne.

Ummu Sudais:

Anti ta gama magana wallahi. Ni dai ranar Lahadi da yamma nake yin rabin kiret, ƙwai 15, na gasa duka na zuba a roba mai murfi na sa a firij, kullum da safe sai dai na ɗumama. Ina sa sadin ko ragowar kaza na yayyaga a ciki, yarana har rigima suke a kai. Yana kai ni har Juma'a.

Sista Nas:

Ummu Sudais dan Allah ki yi haƙuri zan ɗan ja hankali a nan, ba don komai ba sai don yara ne za su ci. Dafaffen ƙwai irin wannan kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa a firij, kuma wannan firij ɗin da yake da sanyi ba yankewa ake nufi. Daga Lahadi zuwa Juma'a kwana 5 kenan, ya wuce. In ke kina da sola to ki raba biyu, rabi a firij rabi a firiza. Amma wadda ake ɗauke mata wuta tun dare har azahar, firij in an ɗauke wuta kamar awa 4 yake riƙe sanyi in ba a buɗe shi ba, bayan nan ya zama kabad. Kuma abin da mutane ba su sani ba, ba dole sai abinci ya yi wari ko yauƙi ba kafin ya ɓata ciki, sau nawa ake kawo mana yaro da amai da gudawa uwar tana rantsuwa abincin lafiyarsa ƙalau ta shinshina.

Ƙa'idar ita ce dafaffen ƙwai kar ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32 to awa 1 ne, mu kuwa a watan Afrilu ai har 40 muke gani. Don haka Maman Ilham in za ki sa wa yara na tara, ki zuba tafasasshen ruwa a kular ki rufe minti 5, ki zubar ki goge sannan ki sa ƙwan da zafinsa ki rufe gam, ba a roba ko leda ba. Kuma ya dahu har tsakiya, ƙananan yara da masu ciki da tsofaffi ba a ba su ƙwai mai ruwa-ruwa saboda ƙwayar salmonela.

Shawarata gare ki tunda kin ce kina Kano kuma ban ji kin ambaci sola ba, da dare ki yi yanke-yanke da suyan kayan kawai ki sa a firij, ki shafe gwangwanaye ki kife, ƙwan kuma kar ki fasa sai da safe. Fasawa da kaɗawa ai bai fi minti 2 ba. In an kwana ba wuta kar ki yi amfani da soyayyun kayan, ki soya sabo, kifi ko nama kuma a bari sai safiyar.

Ummu Sudais:

Na gode Sista, wallahi ban san haka ba, muna da sola amma duk da haka zan koma yi sau biyu, Lahadi da Laraba.

Hajiya Goggo:

Ƴata Maman Ilham, ba ki da tanda ne a gidan? Ta waina nake nufi, ta ƙarfen nan da ake ɗorawa a gas. Ni da ita nake wa jikokina in sun kwana nan. Ki ɗiga mai a kowane gurbi, ki zuba ƙwan da ƙaramin ludayi, ki rage wuta can ƙasa ki kifa faffaɗan murfi a kai, minti 4 ko 5 ki juya da cokali kamar yadda kike juya waina, minti 2 kuma ki kwashe. Ba ruwanki da jiran tukunya ta yi zafi. Sai dai ita tana son a tsaya kusa, ba za ki tafi wanka ki bar ta ba, wannan kam gaskiya ne. Kuma in damina ta faɗi ki nemi ƙwan zabo, gwaiduwarsa ta fi, amma ki riƙa fasa kowanne a kofi daban kafin ki juye cikin sauran, ɗaya ruɓaɓɓe sai ya ja miki asarar duka. Ko ki tsoma su a ruwa, wanda ya nutse ya kwanta sabo ne, wanda ya taso sama ki jefar. Allah ya yi muku albarka ku da kuke fama da aiki da gida.

Baban Khalifa:

Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, amma a gidana ni ke haɗa karin safe ranakun da uwargida take dutin dare. Ƙwai zalla ba ya riƙe yaro har a tashi, kuma ba ya auki. Abin da nake yi, in an soya dankalin turawa ko an dafa doya da dare sai na ce a rage min kaɗan a firij, da safe na yanka ƙanana na shimfiɗa a ƙasan faranti ɗaya mai zurfi na gashi, na juye ƙwai 5 a kai, na gasa gaba ɗaya na yanka kamar kek. Faranti ɗaya ya fi sauƙin wanki akan gwangwani takwas, sai dai yana ɗaukar kamar minti 25 don ya fi kauri. Burodin da ya kwana biyu ya fara tauri ma ina yayyanka shi na jiƙa a cikin ƙwan, yaron da ya ce burodi ya ishe shi ba zai ma gane shi ba ne. Hajiya sannu, zan gwada ta tandar nan ranar Asabar in sha Allah.

Maman Ilham:

Jama'a na gode na gode, Allah ya saka da alheri ya biya muku buƙatunku. Na dawo da rahoto. Jiya da dare na soya albasa da tattasai da karas, na shafe gwangwani 7 da bota, gishiri na zuba leda biyu a tsohuwar tukunyar da nake dafa ruwan zafi. Yau 5 da rabi na kunna, 6 saura kwata na jera na rufe na shiga yi wa ƙaramar wanka, 6 da minti 5 na soka tsinke ya fito fes. Anti wallahi ko ɗaya bai manne ba, ƙasan ya yi ja kaɗan mai kyau. Babban ya ci biyu a tsaye ya ce a sa masa ɗaya a kula, na yi yadda Sista ta ce da ruwan zafi, ya ce har tara da ɗuminsa. 7 da minti 10 muna bakin titi muna tare adaidaita.

Abu ɗaya ne, guda biyun da ke gefen tukunya sun fi sauran bushewa kuma gefensu ya ɗan yi kore-kore, shi ma babansu ya ce yaji bai ji ba. Goggo ina da tanda, tana can cikin kayan aurena, zan ciro ta.

Anti mai kek, Kaduna:

Alhamdulillah, ma sha Allah. Koren nan ba lalacewa ba ne, wuta ce ta ɗan yi masa yawa, kar gwangwani ya taɓa jikin tukunya ki bar tazarar yatsa ɗaya, kuma gobe ki duba a minti 17. Na Oga kuma ki fara zuba na yara, sauran da ya rage a kwano sai ki ƙara masa attarugu, ki ɗora yankan tattasai ɗaya a saman nasa don kar su rikice miki wajen kwashewa.